Kurajen autarmu da man haɗin cikin roba

Autarmu tana cika shekara 16 kuraje suka feso mata a goshi da haɓa. Sana'ar Inna a gidanmu na Tudun Wada ƙuliƙuli ce da man gyaɗa, don haka ba a yi wata-wata ba aka ɗora wa gyaɗa laifi. Wata uku yarinyar nan ba ta kai ƙuli baki ba, kunun gyaɗa ma sai dai ta ji ƙamshi, amma kuraje ko gezau.

Sai wata ƙawarta ta kawo mata man haɗi a cikin roba marar suna. Cikin sati biyu fuska ta yi luwai, ta yi haske, Inna har tana cewa, "Alhamdulillahi 'yar nan, kin rabu da wahala." Shiga wata na biyu sai ga ƙananan kuraje birjik, duk girmansu ɗaya, har wuya da ƙirji. Ranar da ba ta shafa ba fuskar ta yi ja tana raɗaɗi. Ta koma sa takunkumi ko Islamiyya za ta, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don da can ita ce mai surutun gidan.

Ni na kai ta asibitin koyarwa na Shika. Likitar fata ta jujjuya robar ta ce, "Hajiya, irin wannan haɗin ba ya rasa wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid. Da farko yana kwantar da kumburi, daga baya shi da kansa yake haifar da kuraje, ya cinye kaurin fata." Ta zana mana a takarda yadda abin yake: balaga na sa fata ta ƙara fitar da maiƙo, maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar gashi, sai wata ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes, wadda ke jikin kowa, ta samu wurin hayayyafa. Baƙin kan nan da muke matsewa ba dauɗa ba ce, maiƙo ne da iska ta taɓa. Ashe duk dirzar da take yi da soso ƙara fama fatar take yi.

Maganar abinci kuwa na bi ta da kaina. A 2002 an wallafa binciken da aka yi a tsibirin Kitava na ƙasar Papua New Guinea, inda aka duba mutum 1,200 ba a samu mai kuraje ba. Cimarsu doya, dankali, kifi da kwakwa. Binciken da ya biyo baya ya fi zargin sukari, farin fulawa da madara. Da na faɗa wa Inna, shiru ta yi, don burodi da shayi mai kauri ne karin autar kullum.

An rubuta mata magungunan shafawa biyu, benzoyl peroxide da safe, adapalene da dare, da ƙwayar doxycycline mai yaƙar ƙwayoyin cuta ta 'yan watanni kawai, don yawan shan irinta na sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Aka ce ta ba magungunan sati 8 zuwa 12 kafin ta yanke hukunci. A sati na uku ta yi kuka ta ce, "Yaya, ƙaruwa suke yi." Na ce ta daure.

Akwai kuma wani maganin sha mai suna isotretinoin, wanda Amurka ta amince da shi a 1982 don kuraje masu tsanani. Yana aiki sosai, amma yana nakasa ɗan da ke ciki. A garin da 'yan mata da yawa ke neman gyaran fuska dab da biki, ina roƙo kada kowa ta saye shi a kyamis ba da sanin likita ba.

Yanzu wata biyar ke nan. Baƙin tabo ne ya rage a kumatu, likita ta ce zai ɗauki watanni kafin ya dushe, kuma ta guji zafin rana. Takunkumin yana rataye a ƙusa, kuma jiya da safe Inna ta dama kunun gyaɗa ta fara miƙa mata kofi.