Ranar da ƙafa ta taka ƙasa ake daina shan magani

Mai shanyewar ɓarin jiki a karkarar Sakkwato ba ya rasa masu tsaya masa a makonnin farko. Dangi za su yi karo-karo, a sayar da rago ko buhun gero, a ɗauki shatar mota zuwa birni, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwararru. 'Yan dubiya kuwa har sai an rasa wurin shimfiɗa tabarma. Inda ake barinsa shi kaɗai shi ne bayan wata biyar ko shida, lokacin da ya fara jan ƙafa yana fita ƙofar gida, kowa ya ce alhamdu lillahi ya koma harkarsa. Aikin da nake yi a ƙaramin asibitin ƙauye, arewa da birni ta hanyar Illela, ya nuna mini cewa a wannan lokacin ne ake shirya wa ciwon hanyar dawowa. Idan kuma ya dawo, sau da yawa ya fi na farko muni: wanda da hannu kawai ya rasa, yanzu magana ce ko haɗiya za ta tafi.

Abin da ke faruwa shi ne jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Hannu da ƙafa suna iya farfaɗowa da gashi da motsa jiki, amma abin da ya ɓata jijiyar yana nan bai gusa ba. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2011 ya nuna cewa kusan mutum 11 cikin 100 ciwon kan sake buge su a shekarar farko, kusan 26 cikin 100 kuma kafin shekara biyar. Yawancin waɗannan alƙaluma daga wuraren da magani ba ya yankewa aka samo su. A nan gida, babban binciken da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Ghana, har da asibitocin Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin kamuwa da shanyewar ɓarin jiki a kan hawan jini. Wannan labari ne mai daɗi ta wata fuska, domin hawan jini na cikin cututtukan da maganinsu ya fi araha.

Matsalar ita ce hawan jini ba ya ciwo. Mutanenmu sun saba da maganin da ake sha kwana uku ko mako guda, zazzaɓi ya sauka a ajiye sauran. Wani dattijo da na tarar jininsa ya haura 180 ya dube ni yana murmushi ya ce, "Likita, ai na warke. Jiya da ƙahwata na tai masallaci. Maganin mi kuma?" Ba gardama yake yi ba. A ma'auninsa gaskiya ya faɗa, tunda kansa ba ya sara, idonsa ba ya juwa. Na ce masa, "Baba, idan tiyon ban ruwa ya fashe a fadama kuka ɗaure shi da roba, amma ba ku rage wa injin ƙarfi ba, me zai biyo baya?" Ya ce zai sake fashewa wani wurin. Manoman albasa ba sa buƙatar ƙarin bayani bayan wannan. Sai dai fahimta daban, samun ƙwayar a hannu kowace safiya daban.

A nan ne na fi koyon aiki. Marar lafiyar ba shi ne ke riƙe da kuɗi ba, ba shi ke zuwa kasuwa ba, ba shi ke ɗora tukunya ba. Duk nasihar da aka yi masa shi kaɗai a ɗakin awo, a ɗakin take kwana. Don haka ba na sallamar kowa sai na san sunan mutum ɗaya a gidan da zai ɗauki nauyin maganin, na karɓi lambar wayarsa. Ba "iyalinsa" ba, domin abin da aka ɗora wa kowa babu mai yinsa. Wani lokaci babban ɗa ne, wani lokaci uwargida, kuma abin mamaki waɗanda suka fi riƙe amanar su ne jikoki 'yan makaranta, musamman mata. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu idan ka ce mata ita ce likitar kakanta, ba za ta bari ya sha kunun safe ba sai ya haɗiye ƙwayarsa.

Sai batun kuɗi, wanda ba a iya kauce masa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin mota da na magani suka tashi tare. Mutumin da aka ce ya koma birni ganin likita yana buƙatar kuɗin mota na mutum biyu, tunda ba ya iya tafiya shi kaɗai, ga abinci, ga wunin aikin ɗan rakiya da ya tafi a banza. Lissafin ba ya fita, sai a fasa. Wasu sukan raba ƙwaya biyu, wasu su sha yau su tsallake gobe. Na lura kuma yankewar magani tana da lokacinta: tsakiyar damina, Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, ɗan abin da ke hannu ya tafi ga taki. Shi ya sa nake matsa wa iyalai su sayi na watanni da yawa da kaka, ko lokacin da aka kwashe albasa, su ajiye a inuwar ɗaki nesa da kwanon rufi, don zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40. Awon jini kuma mun daidaita shi da ranar kasuwa, ranar da dama akwai abin hawa kuma akwai mai fitowa. Ƙwayar hawan jini irin amlodipine da ake sha sau ɗaya a rana ta fi dacewa da wannan rayuwa, ko da azumi ana iya mayar da ita lokacin sahur ko buɗa baki bisa shawarar likita. A ganina ƙwaya ɗaya mai araha da za a sha shekara cur ta fi huɗu masu tsada da za a sha mako uku.

Aspirin na da nasa haɗarin. Yana taimaka wa wanda jijiyarsa ta toshe, amma wanda tasa ta fashe yana iya ƙara masa zubar jini, kuma a binciken nan na 2018 kusan kashi ɗaya cikin uku fashewa ce. Hoton ƙwaƙwalwa kaɗai ke bambance su. Mai kemis ba shi da hanyar sani, maƙwabcin da ya ce shi ma abin da aka ba babansa ke nan ba shi da ita. Haka magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da ake sha kamar gyaɗa bayan an dawo gona, suna ɗaga jini.

Gishiri kuwa maganar mai girki ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da kanwa duk cikin lissafin suke. Cewa a ware wa maigida tukunyarsa ba ya yiwuwa a gidan da itace ma auna shi ake yi, shi kansa kuma zai ji kamar an fitar da shi daga gidan. Abin da ke yiwuwa shi ne a rage wa kowa a hankali, a ƙara daddawa da albasa da tattasai. Nakan ce, "Inna, ki rage dunƙule ɗaya wannan makon, kada ki gaya wa kowa." Yawanci babu mai ganewa.

Da yawa suna zuwa da yaƙinin cewa iska ce ta shafe shi, ko sammu ne. Ba na jayayya da su, domin wanda ka ƙaryata ba ya dawowa awo. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, ƙwaya dai kada ta tsaya. Limamai ma sun fi mu iya faɗin wannan, kuma an fi jin tasu. Inda ba na sassautawa shi ne ƙaramar alamar nan da ke zuwa ta wuce: baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko harshe ya sarƙe, bayan 'yan mintuna mutum ya dawo daidai, a ce ai ta sake shi. Wannan gargaɗi ne, kuma kwanakin da ke biye da shi su ne mafi haɗari. A ranar ake tafiya asibiti. Idan kuma babban ne ya zo, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, don haɗiya na iya lalacewa abin ya gangara huhu.

Mata tsofaffi, musamman waɗanda miji ya rasu, su ne suka fi ɓacewa daga rajistarmu, domin sai an sami mai kawo su. Abokan aikinmu na gabas, wajen Isa da Sabon Birni, suna da ƙarin nauyi: hanyar kanta ba kullum ake iya binta ba saboda 'yan bindiga.

Takardar sallama daga birni ita ce kaɗai ke gaya mini wane iri ne ya sami mutum, toshewa ko fashewa, da abin da aka ɗora shi a kai. Sau da yawa kafin ya iso wurina ta ɓace, ko ruwan damina ya jiƙa ta, sai a miƙo mini ƙwayoyi a leda babu kwali a ce farar ce ta safe. Yanzu duk wanda na tura birni ina gaya wa ɗan rakiyarsa ya ɗauki hoton takardar da na kwalin maganin a waya kafin su hau motar dawowa, ya turo mini ta WhatsApp idan sun sami sabis.