Makarantar da ta koma buɗewa bayan Azahar

Dokar farko da na kafa ranar da aka ba ni riƙon makarantar nan ita ce ta ƙofa: ƙarfe takwas na bugawa, maigadi ya ja sakata. Daga makarantar kuɗi na fito, inda ake auna hedimasta da tsabtar yunifom da miƙewar layi a asambili, don haka na ɗauka horo kawai yaran nan suka rasa. Makarantar ƙarama ce, ajujuwa huɗu a saman wasu shaguna a unguwar Agege ta Legas, kusa da layin dogo. 'Yan kasuwarmu ne suka haɗa kuɗi suka buɗe ta saboda matasan da sakandare ta furzar: wanda ya faɗi WAEC sau biyu, wanda aka kora, wanda aka ɗauko daga Arewa a tsakiyar zango aka kawo Ikko bai sake ganin aji ba, da matan da aure ko goyo ya yanke wa karatu. Kafin zangon ya ƙare na sallami yara da dama saboda latti. Ban ma lura ba cewa lattin ne ya raba yawancinsu da makarantunsu na farko.

Wani yaro ne ya fara kwance mini kai. Dogo ne, ba zai wuce shekara goma sha takwas ba, kullum yana kujerar baya. In ya samu ya shigo kafin a rufe ƙofa, to ƙarfe tara ba ta yi sai ya kifa kai a tebur. Ran nan na tashe shi da tsawa a gaban 'yan aji, na ce ya fita ya je ya ƙarasa barcinsa a gida. Ya miƙe a hankali ya ce, "Malam, wallahi ba raini ba ne." Sai a lokacin na kula da wuyan rigarsa, duk jan ruwan tumatir ya bushe a jiki.

Na bi sawunsa har kasuwar Mile 12 wata Asabar, kafin kiran Assalatu. Duk wanda ya san kasuwar ya san ba ta jiran gari ya waye. Manyan motoci na isowa cikin dare daga Kano da Zariya da Jos da kwandunan tumatir da attaruhu, ga buhunan albasa daga Sakkwato da Aliero, kuma kayan gwari ba sa jimirin rana, dole a sauke su tun da duhu. Na hango shi cikin 'yan dako, gammo a ka, kwando bisa gammo, yana ratsa caɓi da gudu-gudu. Wato kafin ya zauna a ajina ya riga ya yi aikin wuni guda, sannan ya kama danfo ya sha cunkoso zuwa Agege. Na gaida maigidansa, wani dattijo Bakatsine, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce, "Malam, ni ma ina so ya yi bokon. Amma ka bar mini shi zuwa sha ɗaya, bayan nan naka ne."

Haka muka juya jadawalin. Maza suka koma zuwa bayan Azahar, a tashi dab da Magariba. Mata kuma da hantsi, bayan sun kai yara makaranta sun ɗora sanwa. Malami ɗaya ya ajiye aiki, ya ce shi bai yi NCE don ya koyar a islamiyyar yamma ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, albashinmu ba na riƙe mutum ba ne. Jadawalin ma ba ya zama wuri ɗaya. Da gwamnatin Legas ta haramta acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, har da Ikeja, wasu ɗalibaina suka rasa babura suka tattara suka koma gida, wasu kuma da suka daɗe ba su leƙo ba suka dawo aji saboda babu abin yi.

Abu na biyu ya fi wannan yi mini ciwo, don a gaban idona yake ban gani ba. Akwai wani saurayi a aji biyu na babbar sakandare, rubutunsa kamar na inji, littafinsa ya fi na kowa tsari. Duk ranar da na ce ya karanta mana sakin layi, sai ya ce idonsa na ruwa, ko ya nemi izinin zagayawa. Ashe kwafe yake yi daga allo harafi bayan harafi, kamar mai zana hula, bai san abin da ya rubuta ba. Shekara tara ta ilimin bai-ɗaya da dokar UBE ta 2004 ta wajabta ya yi ta cif, ana ta tura shi gaba don kada aji ya cushe, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ji ko yana iya haɗa baƙi. Na gano ne ranar da wani ɗan littafi ya faɗo daga aljihunsa. Lissafin bashin masu sayen goro ne a wurin yayansa, suna da adadi, tsaf-tsaf, cikin ajami. Yaron ya yi sauka tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Mu kuma mun rubuta a rahotonsa cewa ba ya gane karatu.

Daga nan muka faro da shi: harafin ajami a dama, na boko a hagu, Hausa zalla, har sai da ya iya karanta wasiƙa da kansa, sannan muka taɓa Turanci. Da na gwada sauran ɗaya bayan ɗaya a ofis, ƙofa a rufe, sai na tarar ba shi kaɗai ba ne. Yaron Agege yana tashi da Hausa a gida, Yarbanci da Buroka a titi, in ma ya yi makarantar gwamnati to Yarbancin darasi ne na dole tun dokar 2018, sannan a ce ya amsa tambayar tattalin arziki da Turancin da ba ya jin sa a ko'ina sai a takardar jarrabawa. Bakinsa na zuba, idonsa a takarda kuma ya tsaya cak. Na hana karatu a bayyane a gaban aji gaba ɗaya. Ƙato mai gemu zai gwammace ya bar makaranta da a ji yana in'ina a kan kalmar da ɗan firamare ya sani. Ajin koyon haɗa baƙi muka sa masa suna "share fage", kuma ba ma kafe sunayen 'yan cikinsa a bango.

Wajen mata, abin da ya yi aiki bai wuce tabarma ɗaya a bayan aji ba, inda ake kwantar da jarirai. Gwamnatin jiha tana da makaranta irin wannan ta 'yan mata a Agboju, amma wace mai goyo ce za ta riƙa zirga-zirga daga Agege zuwa can kullum? Mazajensu kuwa, na koyi in je da kaina in gaishe su a shago, in ce Alhaji ga abin da muke yi, ga lokacin tashi. Takardar neman izini ba ta taɓa yi mini abin da gaisuwar nan ke yi ba.

Inda har yau ban samu kwanciyar hankali ba shi ne jarrabawa. Ƙofar jami'a tana neman kiredit biyar, daga A1 zuwa C6, da Turanci a ciki, da Lissafi a yawancin fannoni. Duk lokacin rajista sai wani uba ya ja ni gefe: "Malam, nawa ne a taimaka masa?" Ya san cibiyoyin jarrabawar da ake biya a rubuta wa yaro amsa, ni ma na san su. Nakan ce ba na yi, shi kuma yakan ɗauke ɗansa, wani lokacin ya aiko mini da hoton sakamakon a WhatsApp don in gani. Ba zan ce ba ya sosa mini rai ba. Abin da nake iya ba su shi ne hanya mai tsawo: su zauna jarrabawar masu zaman kansu, wadda muke kira GCE, su raba nauyin zama biyu tunda makarantu da yawa na karɓar haɗin sakamako biyu, wanda kuma hannunsa ya fi ƙarfi a sana'a in nuna masa NABTEB, jarrabawar sana'o'i da kasuwanci.

Yaron tumatir ya ci Lissafi tun zaman farko, ba mamaki, mutumin da ke ƙirga kwanduna da tsakar dare. Turanci ne ya tsaya masa, D7, wadda ba ta kai kiredit ba, har sau biyu. Yanzu ba ya dako, maigidan ya ɗora shi kan littafin shiga da fita na rumfar. Makon jiya ya hawo bene da leda cike da tumatir ya ajiye mini a gefen tebur, bai ko zauna ba, ya ce, "Malam, an buɗe rajistar kuwa?"