Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ƙartin Fiji da na tarar a Labanan

Jama'a a yi min afuwa makon jiya ban leƙo ba, ciwon gwiwa ne ya tasa ni gaba. Mun tsaya a inda aka kwashe mu zuwa kudancin Labanan a 1979, ƙarƙashin UNIFIL, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin Janar Erskine ɗan Ghana ne kwamanda.

Ni dai kafin nan wallahi ko sunan Fiji ban taɓa ji ba. Wani saje ya ce mana ai tsibirai ne can tsakiyar tekun Fasifik, duka mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba, muka yi ta sheƙa dariya wai jihar Kano kaɗai ta ninka su, me za su tsinana. Sai ranar da aka aike ni garin Kana, inda hedikwatar sojojin Fiji take, na ga ƙarti wuyan kowa kamar turmi, da yamma suna zari-ruga suna maka juna da ƙasa, da dare kuma su haɗu suna waƙar coci da murya mai daɗi har ka manta sojoji ne. A shinge kuwa ba sa wasa, in suka ga bindiga a mota ba za ta wuce ba ko ta wane ce, kuma taurin kan nan ya ci rayukan wasunsu.

Wani kofur ya zaunar da ni a tabarma ya miƙo min kava a ƙoƙon kwakwa, kalarsa sak ruwan kududdufi. Na ce malam ni Musulmi ne fa, ya ce ba giya ba ce saiwa ce ake dakawa a jiƙa, yadda dai muke ba baƙo goro. Aka koya min in tafa sau ɗaya in ce "bula", gaisuwarsu ke nan, in shanye tas, kafin in ajiye ƙoƙon harshena ya mutu murus, su kuwa sai dariya.

A 1996 ina ƙofar gida da rediyo na ji Isra'ila ta yi ruwan bama-bamai a sansanin nan nasu na Kana, mutum fiye da 100 da suka fake ciki sun mutu. Ranar tuwon dare ma kasa ci na yi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, labarin yadda sanyi ya kusa kashe ni a gadi.