Busasshen furen da na shure da takalmi

A shekarata ta biyu ta karatun ilimin tsirrai a Aljeriya aka kwashe mu a bas zuwa wajen Biskra, bakin Sahara, wai kowa ya tattaro samfur. Ni dai idona na kan kore, duk abin da ya bushe shara ne a wurina. Akwai wasu 'yan dunƙule-dunƙule kamar maɓallin riga sun ƙame a ƙasa, har na shure ɗaya. Malam ya gani bai ce uffan ba, ya durƙusa ya tsiyaya masa ruwan gorarsa ya ce mu jira. Wallahi 'yan mintoci kawai abu ya buɗe kamar tauraro, ga 'ya'ya jere a ciki.

Sunansa Pallenis hierochuntica. Yana fitowa bayan ruwa, ya yi ɗan fure rawaya daf da ƙasa ya mutu, amma gawar ce ke gadin iri, ta dunƙule ta hana tururuwa ɗiba, in ruwa ya sauka ta buɗe ɗigon ya fitar da kaɗan daga gefe, tana bushewa ta sake rufewa, haka har shekaru, don in ruwan bana ya yaudare shi akwai na baɗi.

To ni da karambani sai na ce ai na san shi, shi ne kaff Maryam da hajiyoyi ke kawowa daga Makka, kakata ma tana jiƙa wa masu naƙuda. Malam ya ce da me ka gane? Na ce ai shi ma buɗewa yake a ruwa. Ya miƙo min gilashin ƙara girma ya ce duba dai. Ashe wancan Anastatica ne, dangin kabeji, rassansa ne ke naɗewa. Wannan kuwa dangin latas ne da shuwaka da tazargade, abin da ka ɗauka fure ɗaya ne taron ƙananan furanni ne a kai guda. Kunya kamar in nitse, ga 'yan aji na ta dariya.

Tun ranar na daina yanka wa tsiro suna daga tsaye, sai na durƙusa na duba, kuma busasshe nake fara ɗauka. Ɗaya na taho da shi Damagaram a kwalin ashana, ƙannena sun mai da shi abin wasa, kullum sai sun zuba masa ruwa, 'ya'yan ma sun kusa ƙarewa.