Shekara biyu a kujerar shugaban sashe

Ranar da aka ba ni takardar naɗi, abokan aiki suka yi ta shigowa ofis suna cewa "Allah ya taya riƙo." Nauyin wannan addu'a bai bayyana mini ba sai a Oktoban 2022, da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta janye yajin aikin da ta fara tun 14 ga Fabrairu. Wata takwas cur ɗalibai suna zaune a gida. Muka dawo ba a biya albashin waɗannan watanni ba, ga kuma takarda daga sama cewa a ƙarasa zangon karatu, a yi jarrabawa, a kai sakamako gaban majalisar jami'a ba tare da ɓata lokaci ba.

Ni ɗan ƙungiya ne. Da ni aka yi yajin, nawa albashin ma bai shigo ba. Amma ni ɗin ne zan bi ofis-ofis ina neman takardun jarrabawa. Wani dattijo, wanda shi ya koyar da ni ina aji biyu, ya ajiye biro ya dube ni ya ce, "Malam, kai ma ka zama nasu ke nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan aike ne." Ya ce, "To ɗan aike ai kai saƙo yake, ya kuma dawo da amsa. Namu saƙon ka kai?"

Ban kai ba. Abin da nake yi kawai shi ne sauko da umarni. Washegari na kira taron sashe, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa: wani ba shi da kuɗin man da zai riƙa zuwa kullum, wani yana da ɗalibai fiye da ɗari uku a kwas ɗaya. Muka rubuta, muka yanke ranar da za mu iya cikawa da gaske, na ɗauka na kai wa shugaban tsangaya da bakina. Bai ji daɗi ba, amma ya ƙara mana mako biyu. Daga ranar na daina tura wa manyana takarda a kan abin da ya kamata in taka in je in faɗa musu.

Akwai kuma matsin da ke biyo mutum har gida. Lokacin ɗaukar ɗalibai, kana sallame sallar asuba maƙwabci zai tare ka da takardar JAMB ta ɗansa. A Kano, cewa "ba zan iya ba" ga wanda ya halarci ɗaurin aurenka ba ƙaramin abu ba ne. Na koyi zaunar da mutum in nuna masa makin da ake nema, in gaya masa kwas ɗin da yaron zai iya samu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bincikena. Ƙarin girma da maƙalun da ka wallafa ake auna shi, alhali kwanakina sun tafi a tarurruka da haɗa fayil-fayil kafin zuwan masu tantancewa na NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Shekarar farko ko shafi ɗaya ban rubuta ba. A ta biyu na ware safiyar Alhamis, na kashe waya, na koma ɗakin karatu. Kwas ɗin 'yan aji ɗaya kuwa na ƙi sakinsa, domin a nan nake jin koken ɗalibai kafin ya zama takarda a kan teburina.

Dattijon nan shi ya fara kawo sakamakonsa a zangon da muka ƙarasa bayan yajin aikin. Ya ajiye mini a tebur, ya zauna muka sha shayi.