Hular da na saya don 'yan rodi sefti, da wadda na saya don kaina

Hular kwano ta farko da na mallaka, tsoron kamu ne ya sa na saye ta. A farkon Janairun 2009 ne, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa mai babur da wanda ya goya sanya hular. Ina shekara ta biyu da fara acaɓa a Kano, babur na maigidana ne, kullum da magariba nake kai masa balas. Cikin 'yan kwanaki hula ta yi tashin gwauron zabo a kasuwa. Wasu abokan sana'armu suka kifa ƙwarya a ka, wasu bokitin fenti, wasu tukunya, har labarin ya kai gidajen rediyon ƙasashen waje. Fasinjoji kuma suna ƙin karɓar ta goyo. Wannan ya ce yana tsoron makero da ƙwarƙwata, wancan ya ce ya ji ana asiri da ita. Ni kuwa na sayi irin ta leburorin gini, ruwan ɗorawa, mara nauyi, na ɗora ta a kan hulata ta saƙa. A ganina na fi masu ƙwarya wayo.

Shekara biyu tana kaina, sai wata rana da damina. Ruwa ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan kwalta daidai wata kwana, akuya ta gitta, na damƙe birkin gaba. Abin da nake iya tunawa shi ne na ga hular tana gangarawa gabana tun kafin jikina ya taɓa ƙasa. Haɓata ta tsage, sai da aka yi ɗinki. Tafin hannuna na dama ya saɓule. Silifas ɗina ya yi nasa wuri, idon sawuna ya gurje har ana hango fari. Allah ya kiyaye, ba gudu nake ba, kuma ba kowa a bayana. Amma mako uku na yi ban iya riƙe kan babur ba, kuma a waɗannan makonni kuɗin magani da cefanen gida duk rance ne. Da na zauna na lissafa abin da faɗuwar ta ci, ya ninka kuɗin hula mai kyau da safar hannu da takalmi har sau nawa.

A layinmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Shekaru ya yi yana kai wa wani kamfani wasiƙu a kan babur kafin ya dawo acaɓa, kuma shi kaɗai ne a cikinmu yake sa hular da ta rufe fuska gaba ɗaya. Mukan tsokane shi da cewa duniyar wata zai tafi. Da ya zo duba ni, bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki hulata ya juya cikinta.

"Yaro, duba nan. Me ka gani?"

"Igiyoyin roba, Baba."

"To, wannan an yi ta ne don in bulo ya faɗo daga sama. Kai kuma daga gefe ka faɗi. Ungo tawa."

Ya ɗage yadin da ke ciki, ya nuna mini wani farin abu mai tauri, irin wanda ake tokare firji ko talabijin da shi a cikin kwali. Kaurinsa ya kai inci guda. Ya ce shi ne hular, sauran duk rufi ne. A ranar na fara fahimtar yadda abin yake aiki, daga baya kuma na ƙara karantawa. Ɓawon waje yana watsa ƙarfin bugun ya hana abu mai tsini shiga. Farin sosan nan kuwa murƙushewa yake yi, kuma a cikin murƙushewar ne kai yake samun ya tsaya a hankali maimakon farat ɗaya, don ƙwaƙwalwa tana lilo ne a cikin ruwa, in ƙoƙon kai ya tsaya kwatsam sai ta bugi bangonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawo alƙaluman cewa sa hula yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Kalmar "yadda ya kamata" ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin tawa ma ai a kaina take sa'ad da na kama birki.

A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur a cikin birni. Da yawa daga cikinmu suka koma Adaidaita Sahu. Ni na koma kai saƙo, kuma yau yara bakwai ne ke aiki a ƙarƙashina, suna kai abinci da atamfofi da turarukan matan da ke ciniki ta waya. Sayen kayan kariyarsu a wuyana yake, kuɗin kuma kullum bai isa ba. Wannan ƙarancin ne ya koya mini abin da zan iya saye a gwanjo da abin da ba zan taɓa saye a can ba.

Hula ba na sayen ta hannu, komai kyanta. Farin sosan nan sau ɗaya yake aiki. In ya murƙushe ba ya dawowa, kuma ɓawon waje yana iya zama sumul alhali ciki ya gama mutuwa. Mai gwanjo bai san tarihinta ba, ni ma ban sani ba. Gara sabuwa mai araha wadda ta cika ƙa'ida da tsohuwa mai babban suna. Haka nan duk yaron da ya faɗi har kansa ya bugi ƙasa, hular ta gama aikinta, nakan yanke maɗaurinta don kada wani ya tsinta ya sa. Wannan yana yi mini ciwo a aljihu, amma na daina jayayya da kaina a kai.

Sanin wadda ta cika ƙa'idar shi ne aikin. Tambarin DOT da ake mannawa a ƙeya na Amurka ne, kuma a can ma kamfanin da ya ƙera hular ne yake shaidar kansa, balle a nan da kowa zai iya buga sitika. Na fi natsuwa da na Turai, wato ECE, domin shi sai an kai hular an gwada kafin a ba da lamba. Ƙyalle ne ake ɗinkawa a jikin maɗauri, da harafin E a cikin da'ira, da lambar ƙasar da ta amince, sai doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06. In ka ga P bayan wannan lambar, sashen haɓa ma an gwada shi. Shi ma ana iya yin jabunsa, shi ya sa ba na tsayawa a nan. Nakan ɗaga ta in ji nauyi, don mai rufe fuska ta gaske takan kai wajen kilo ɗaya da rabi, wadda kuwa ta yi sakayau kamar kwanon sha ba komai a cikinta. Nakan cusa yatsa in taɓa sosan. In laushinsa irin na katifa ne, na ajiye. Nakan matsa gefe da gefe in ga ko ɓawon zai lotsa, in kuma ja maɗaurin da ƙarfi in duba ko da ƙusa aka kafe shi ko manna shi kawai aka yi. Masu shago ba sa son wannan binciken, amma wanda kayansa ke da kyau ba ya hanawa.

A kan mai rufe haɓa kuwa ba sai an yi mini wa'azi ba, tabon yana fuskata. Wani bincike da aka yi a Jamus a kan hulunan waɗanda suka yi haɗari ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na bugun a sashen haɓa yake sauka. Yara sukan ce tana da zafi, kuma gaskiyarsu ne. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano yake haura digiri 40, baƙar hula tanda ce. Don haka fara nake saye, mai ƙofofin iska a goshi da haɓa, wadda ake iya cire yadin cikinta a wanke. Fara kuma an fi hango ta a hanya. Gilashinta ya zama garau. Baƙin gilashi yana burge samari, amma da an yi magariba sai su ɗage shi, ƙwaro da ƙura su cika musu ido. In hunturu ya shigo da hazo, a wanke gilashin da ruwa kafin a goge, don busasshen tsumma a kan ƙura karce shi yake yi, karcen kuma shi ke watsa hasken fitilar motar da ke tahowa har mutum ya daina ganin gabansa.

Kuskuren da na fi daɗewa ina yi shi ne girma. Da sai in sayo guda bakwai iri ɗaya in raba. Ashe kai ma kamar ƙafa yake, kowa da lambarsa. Yanzu tef ɗin tela nake ɗauka in zagaya kan yaro ta saman gira. Mai santimita 57 ko 58 yawanci M ce tasa, mai 59 ko 60 kuma L, ko da yake kamfani da kamfani sukan ɗan saɓa. Sabuwar hula ya kamata ta kama kumatu har mutum ya ji kamar ta ɗan matse, don da amfani za ta saki. In ya ɗaure, yatsa biyu kawai za su shiga tsakanin maɗauri da maƙogwaro. Sai in kama ƙeyarta in turo gaba da ƙarfi. In ta zame ta fita a shago, haka za ta fita a kan kwalta. Hular saƙa ko zanna kuma a cire ta a sa a aljihu, ɗora kwano a kanta yana ɓata zaman duka.

Sauran kayan kuwa, nan ne gwanjo take da rana. Takalmin sefti na ma'aikatan masana'antu, mai rufe idon sawu, yana nan jibge a Ƙofar Wambai, kuma in ka dace zai yi shekaru. Igiyarsa kawai za a riƙa cusawa ciki don kada ta sarƙe a giya ko cen. Safar hannu ta fata nake nema, don duk wanda zai faɗi hannu yake fara miƙawa, ba ya ma sanin ya yi. Ta ulu da ake sa wa don sanyi ba ta daƙiƙa guda a kan kwalta. Ta masu walda kuma ta yi kauri, ba a jin birki da kuloci. Dabarar da na samu ita ce in sayi ta fata mai laushi, in kai wa baduku ya ƙara falle guda a tafi, ya sa mata maɗauri a wuyan hannu don kada ta saɓule. A garin da ake jimar fata tun kaka da kakanni, wannan aikin ba ya gagara, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Riga ce ta fi ba ni wahala. Na taɓa sayo jaket masu kauri irin na ƙasashen sanyi, ina murna na yi arha. Mako guda aka yi, na tarar duk an naɗe su an ɗaure a kariya. Ban ga laifin yaran ba, ni ma ba zan iya sa su da azahar ba. Tun daga nan nake tambayar kaina kafin in biya: za a iya sa wannan a bazara? Jaket mai raga-raga da ke shigar da iska, mai tauri a gwiwar hannu da kafaɗa, ita ce ta fi, kuma takan faɗo a dilar gwanjo in mutum yana leƙawa. In ba ta samu ba, rigar jins mai dogon hannu da wando mai kauri sun fi rigar ƙwallo nesa ba kusa ba, ko da yake jins ma ba ya jure dogon ja a kan titi. Yadin roba shi na fi gudu, don zafin gurza yana narkar da shi ya manne a ciwo. Sai 'yar falmaran mai ƙyalli da daddare, wadda kuɗinta bai kai na man yini guda ba.

Akwai abin da ba a saye da kuɗi, kuma shi ma na gani da idona. Bakin babbar riga, ko hijabi, ko zani, in ya sauka ya shiga tayar baya, fizge mutum yake yi zuwa ƙasa. Matan da ke tuƙa roba-roba da waɗanda ake goyawa a garuruwan da har yanzu ake acaɓa, ko kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram, su tattara tufafinsu su zauna a kai kafin a tashi. Ƙunar salansa a ƙwauri ma yawanci ta mai goyo ce, musamman yara.

Maganar da na fi ji daga bakin sababbin yara ita ce, "Oga, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Ba na musu da su a kan ƙaddara, ni ma na yi imani da ita. Nakan dai tuna musu da abin da muka ji tun muna makarantar allo, cewa an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Watan jiya na ɗauki wani sabon yaro, shekararsa ashirin, ya zo da tasa hular a rataye a gwiwar hannu, maɗaurin ya tsinke tuntuni. Na auna kansa, 56 ya nuna, duk waɗanda ke ofis sun yi masa yawa. Ya so ya fara fita a ranar, don akwai saƙonni a ƙasa kuma yana buƙatar kuɗin. Na ce ya zauna ya riƙa ɗaure kaya, zan biya shi yinin. Washegari muka shiga kasuwa tare, sai a shago na huɗu muka samu daidai kansa. Da na kama ƙeyarta na turo, kansa ne ya biyo ta.