Farar ƙasa muke ci da ita a tsibirin Gore

Mu shida ne a kamfanina, har da ni, kuma aikinmu gyaran tsofaffin gine-gine a tsibirin Gore, wanda ke gaban tashar jiragen ruwa ta Dakar, babban birnin Senegal. Tafiyar minti 20 ce a jirgin fito. Tsawon tsibirin bai wuce mita 900 ba, mota ba ta yawo a cikinsa, don haka kowane buhu da kowane katako daga bakin gaɓa a baro yake isa wurin aiki. Sabon lebura yakan gane haka tun kafin azahar.

Wanda bai san tarihin wurin ba, ba zai fahimci bangonsa ba. Turawan Fotigal sun iso a 1444. Mutanen Holan suka biyo baya, su ne suka raɗa masa sunan da ya rikiɗe ya zama Gore, sannan Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ma ta riƙe shi a wasu lokuta. Abin da kowa ke so shi ne mafakar da jirgi zai yada zango lafiya. Ta nan aka yi fataucin ƙaro da fatu, da kuma bayi, har Faransa ta soke bauta a 1848. Gidajen da muke gyarawa na attajiran wancan zamani ne: ƙasa ɗakunan ajiya masu duhu, sama wurin zaman masu gida. In ina aiki a ɗakin ƙasa ba na son surutu.

Da aka kafa Dakar a 1857, ciniki ya ƙaura can, Gore ta koma baya. A ganina wannan talaucin ne ya ceci gidajen. Ba wanda ke da kuɗin rushewa ya gina sabo. Da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, ta tarar da abin da rashi ya adana.

Babban abokin gabarmu siminti ne, ba teku ba. Bangon nan baƙin dutse ne da aka ɗaure da farar ƙasa. Danshi mai gishiri yana shiga, farar ƙasa ta bar shi ya fita, gishirin ya taru a fatar bango, a kankare a sake shafe. Siminti kuwa yana kulle danshin a ciki. Bara na karɓi wani gida da wani ɗan kwangila ya yi wa filastar siminti shekarun baya. Waje sumul. Da na ƙwanƙwasa da guduma sai na ji kamar ganga, muna ɓamɓarewa abin da ke riƙe da duwatsun ya zubo kamar gari. Rodin da ya cusa a saman ƙofa ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga dutsen gida biyu.

Mai gidan ya ce, "Malam, wancan sati biyu ya yi ya gama, kai kana cewa wata uku?"

Na ce, "Alhaji, sati biyun nasa ne muke biya yanzu."

Farar ƙasa ba ta son gaggawa. Shafi uku muke yi, kowanne sai ya kama kafin na gaba, muna lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu kada iska ta busar da shi da wuri. Ba kuma a taɓa fuskar gida sai da izinin hukumar kula da kayan tarihi, takardar takan ɗauki lokaci, ni kuma albashin yara ba ya jira.

Gidajen bakin ruwa su ne ke hana ni barci. Igiyar ruwa tana cin ƙarƙashinsu, kuma wannan ya fi ƙarfin cokalin birkila. Akwai ɗaya da na gyara bangonsa sau biyu. Duk sanda jirgin safe ya kusa gaɓa, shi nake fara dubawa.